Ciwon mara mai tsanani da sankarar fata: Abin da bincike ya gano, da inda ya shafi matan arewacin Zamfara

Fiye da shekara 30 ke nan masana kiwon lafiya a Turai da Amurka suna bin diddigin wani lamari mai ɗaure kai. Sun lura cewa matan da ke fama da cutar endometiriyosis, wadda ke haddasa matsanancin ciwon mara a lokacin al'ada, sun ɗan fi sauran mata kamuwa da melanoma, wato mafi haɗari a cikin nau'o'in sankarar fata. A zahiri babu abin da ya haɗa mahaifa da fata. Ɗaya tana ɓoye a cikin mara, ɗayar tana waje rana na dukanta. Amma alƙaluman sun yi ta maimaituwa daga wannan bincike zuwa wancan, har ta kai ga dole a tsaya a duba, domin ruwa ba ya tsami banza.

Irin wannan labari yakan iso arewacin Najeriya a gutsure, ta Facebook ko WhatsApp, cikin jimla guda mai tayar da hankali, wai ciwon mara na jawo kansa. Maganar ba haka take ba, kuma tsoron da take shukawa na iya yin ɓarnar da ta fi amfaninta. Duk da haka batun ya cancanci a warware shi, saboda cututtukan biyu duk suna nan a Sakajiki da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi kamar yadda suke a Faransa, kuma dukansu biyu a makare ake gane su.

Cutar da ake kira da sunan wasu cututtuka

A cikin mahaifar mace akwai wata shimfiɗa da ke kauri kowane wata domin tarbar ciki. Idan ciki bai shiga ba sai ta saɓule ta fita a matsayin jinin al'ada. Cutar endometiriyosis na faruwa ne idan tsoka mai kama da wannan shimfiɗa ta tsiro a inda ba muhallinta ba: a kan ma'ajiyar ƙwai, ko bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, ko bangon mara, ko jikin hanji da mafitsara. Ita ma wannan tsoka tana amsa kiran sinadaran jiki duk wata, ta kumbura ta yi jini, amma jinin ba shi da hanyar fita. Sai ya zauna ya haifar da kumburi da tabo, har kayan ciki su riƙa mannewa da juna.

Daga nan ciwon yake tasowa. Akwai ciwon mara da ke kwantar da mace kwana biyu ko uku duk wata, akwai zafi lokacin saduwa da miji, da zafi wurin bahaya ko fitsari a kwanakin al'ada, da kumburin ciki da kasala, sannan ga wahalar samun ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na shafar kimanin kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, wato kusan mata miliyan 190 a duniya. Tun a shekarar 1927 wani likitan mata Ba'amurke, John Sampson, ya kawo bayanin da har yau aka fi dogara da shi, cewa wani ɓangare na jinin al'ada kan koma baya ta bututu ya zuba a cikin mara. Sai dai daga baya an gano cewa hakan na faruwa da mafi yawan mata, alhali kaɗan ne daga cikinsu ke kamuwa. Ke nan akwai wani abu a gado ko a garkuwar jikin wasu matan da ke bai wa tsokar damar kafuwa.

An daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci cewa wannan cuta ce ta Turawa masu hali waɗanda ke jinkirta haihuwa, baƙar mace ba ta cika yin ta ba. Wannan kuskure ya cutar da mata da yawa. A 1976 likita Donald Chatman na Chicago ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na baƙaƙen matan da ya leƙa cikinsu da na'ura suna da cutar, kuma da yawansu an riga an yi ta yi musu maganin ciwon sanyi. A Najeriya ma, wani bincike da aka wallafa a 2015 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya samu cutar a jikin kusan rabin mata 239 da aka yi wa irin wannan leƙe. Matan nan dama masu ƙorafi ne da suka zo asibiti, don haka adadin ba ya wakiltar dukkan mata, amma ya isa ya rushe tsohon zancen.

A ƙasar Hausa cutar na yawo da sunaye na aro. Wani lokaci a ce sanyi ne, a yi ta ɗura wa mace magungunan kashe ƙwayoyin cuta daga kemis. Wani lokaci a ce basir ne ko rana, wani lokaci a jingina abin ga iska ko sammu. Budurwa kuwa akan ce mata ta yi haƙuri, idan ta yi aure ta haihu zai wuce. Wasu sukan samu sassauci lokacin goyon ciki da shayarwa, amma haihuwa ba ta warkar da cutar, kuma ita kanta cutar tana cikin abubuwan da ke hana haihuwar. A gidan da ake auna darajar mace da yawan 'ya'yanta, wannan na nufin gori daga dangin miji, ko kishiya, ko ma takardar saki, a kan lalurar da ba a taɓa gaya mata sunanta ba.

Yadda aka fara ganin alaƙar

Alamar farko ta fito ne daga Jami'ar Harvard a 1989, lokacin da Grace Wyshak da Rose Frisch suka nazarci tarihin lafiyar tsofaffin ɗaliban jami'a mata sama da 5,000, suka ga cewa matsalolin mahaifa, har da endometiriyosis, sun fi yawa a tsakanin waɗanda suka yi melanoma. A shekarun 1990 wasu ƙananan bincike a Amurka suka ƙara da cewa masu cutar sun fi yawan tawadar Allah mai siffa marar daidaito, wasu kuma suka danganta ta da jan gashi. Jan gashi da yawan tawada da fatar da ke saurin ƙonewa a rana duk sanannun alamomi ne na haɗarin melanoma a tsakanin Turawa.

Binciken da ya fi ɗaukar hankali ya zo daga Faransa. Tun 1990 ake bin lafiyar mata kusan 100,000 a can, mafi yawansu malaman makaranta da ke cikin tsarin inshorar lafiya ɗaya, ana aika musu da takardun tambayoyi lokaci zuwa lokaci. A 2007 Marina Kvaskoff da abokan aikinta suka wallafa cewa waɗanda suka taɓa fama da endometiriyosis sun fi sauran kamuwa da melanoma da kashi 62 cikin 100. Bayan shekara 10, a 2017, aka sake duba matan bayan ƙarin lokaci, aka samu kusan adadi ɗaya, kashi 64. Darajar wannan aiki ita ce an fara bin matan tun kafin sankarar ta bayyana, ba a dogara da abin da majiyyaci ya tuna daga baya ba. Abin lura ne kuma cewa tsarin inshorar ma'aikata, da rajistar da ke tattare da shi, shi ya ba da damar yin aikin gaba ɗaya.

Sai dai ba kowa ya ga abin da Faransawa suka gani ba. A Suwidin an samu ƙari amma ɗan kaɗan. A Finlan, inda aka bi mata kusan 50,000 da aka tabbatar da cutarsu ta hanyar tiyata, ƙarin da aka gani a 2018 ya shafi wani nau'in sankarar fata ne mai sauƙi, wanda da wuya yake yaɗuwa. Da aka tattara bincike masu yawa wuri guda a 2021, ƙarin haɗarin melanoma ya sauko zuwa kimanin kashi 17 cikin 100, adadin da masana lissafi suka ce zai iya zama dacewa kawai, ko da yake alaƙar ta ƙara fitowa da aka ware binciken da suka fi inganci. Wanda ya ce an tabbatar ya yi gaggawa, wanda ya ce babu komai shi ma ya yi gaggawa.

Hanyoyin da ake zaton sun haɗa su

Babu wani masani da ke cewa tsokar da ke cikin mara tana tafiya ta zama sankara a fata. Abin da ake nema shi ne tushe guda da rassan biyu ke fitowa daga gare shi, kuma wanda aka fi zurfafa bincike a kansa shi ne gado.

Nazarin tagwaye a Ostireliya da Suwidin ya nuna cewa kusan rabin haɗarin kamuwa da endometiriyosis daga gado yake. Shi ya sa idan uwa ko 'yar'uwa na da ita, yiwuwar ta fi yawa. A 2010 masu bincike a Japan suka gano wani gurbi a kan ƙullin gado na 9, cikin 23 da ɗan Adam ke gada daga kowane ɗaya na iyayensa, wanda ke da alaƙa da cutar. A wannan unguwa ce kuma ƙwayar gadon CDKN2A take, wadda aikinta shi ne taka wa ƙwayoyin halitta birki idan suka fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, kuma lalacewarta ce ta fi shahara a dangogin da melanoma ke bi. Tsokar endometiriyosis ba sankara ba ce, amma tana da wasu halaye irin nata: tana kafuwa a inda ba nata ba, tana janyo jijiyoyin jini su ciyar da ita, tana ƙin mutuwa a lokacin da ya kamata. Idan birkin ya yi rauni, ba abin mamaki ba ne a ga alamarsa a wuri fiye da ɗaya. Masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya sun kwatanta bayanan gadon cututtukan biyu a 2021, suka samu alaƙa a tsakanin mata, amma ƙarama. Zama a unguwa ɗaya bai sa an zama 'yan gida ɗaya ba.

Hanya ta biyu ita ce sinadarin estirojin, wanda ma'ajiyar ƙwai ke samarwa. Shi ne abincin endometiriyosis, shi ya sa cutar ke lafawa ga yawancin mata bayan al'ada ta ɗauke. Ƙwayoyin da ke samar da launin fata su ma suna jin kiransa. Duk macen da ta taɓa yin ciki ta ga shaidar haka da idonta: kan nono ya ƙara baƙi, baƙin layi ya fito daga cibiya zuwa mara, wasu fuskarsu ta yi dabbare-dabbare. Daga waɗannan ƙwayoyi na launi ne melanoma ke tasowa. Amma har yanzu bincike bai nuna cewa ƙwayoyin tsarin iyali, waɗanda ake amfani da su wajen rage ciwon, suna da wani haɗari ga fata da zai sa mace ta bar maganin da likita ya ɗora ta a kai ba.

Sai garkuwar jiki. Tun farkon shekarun 1990 aka lura cewa wasu dakarun garkuwa da ke share baƙin ƙwayoyi ba su da kuzari sosai a jikin masu endometiriyosis. Fata kuwa tana cikin sassan da suka fi dogara da sintirin waɗannan dakaru, shi ya sa mutanen da aka yi wa dashen ƙoda, waɗanda ke shan maganin danne garkuwa, suke yawan kamuwa da sankarar fata.

Akwai kuma batun guba a muhalli. A 1993 aka ba da rahoton cewa birai da aka ciyar da sinadarin dayoksin sun kamu da endometiriyosis da yawa, ko da yake binciken matan garin Seveso na Italiya, inda wata masana'anta ta fesar da wannan guba a 1976, bai ba da tabbatacciyar amsa ba. A 2013 hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya dangin sinadaran PCB, waɗanda ke cikin man tsofaffin taransifomomin lantarki, a sahun masu jawo kansa, kuma melanoma ce hujjarta. Dayoksin na fita ne daga ƙona leda da robobi da tayoyi. Wanda ya san yadda ake cinna wa bola wuta a tsakiyar unguwa, ko yadda ake babbaka da taya a wasu mahautai, ba ya buƙatar jiran ƙarshen muhawarar masana kafin ya ƙi wannan hayaƙi.

Bayani na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma ba a cika son jin sa ba. Macen da aka gano tana da endometiriyosis mace ce da ke yawan ganin likita. Wadda ke yawan ganin likita kuwa ta fi samun damar a lura da wani tabo a jikinta. Mai yiwuwa wani ɓangare na alaƙar daga nan yake.

Lissafin ɗan kasuwa

Ƙarin kashi 60 cikin 100 abu ne mai razanarwa idan ba a faɗi uwar kuɗin ba. Kowane ɗan kasuwa ya san ribar kashi 60 a kan jarin naira 1,000 da ribar kashi 60 a kan jarin miliyan ba ɗaya suke ba. Ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka ta ƙiyasta cewa a tsawon rayuwa, kimanin Bature 1 cikin 33 ne zai kamu da melanoma, amma a tsakanin baƙaƙen fata 1 ne cikin 1,000. Ko da an ɗauki adadin Faransa a ɗora a kan baƙar mace, abin zai tashi ne daga 10 cikin 10,000 zuwa kimanin 16 cikin 10,000. Kuma ɗora shi ɗin ma akwai ja a kai, domin manyan binciken nan duk a kan matan Turai da Amurka aka yi su, inda hasken rana a kan farar fata ke jawo mafi yawan melanoma.

Sankarar da alaƙarta da endometiriyosis ta fi ƙarfi ita ce ta ma'ajiyar ƙwai, inda haɗarin ya kusa ninkawa a tattarawar 2021. A nan ma, a lissafin da aka yi lokacin, abin bai kai mata 3 cikin 100 ba a tsawon rayuwa. Mafi rinjayen masu endometiriyosis ba za su taɓa kamuwa da ɗaya daga cikin biyun ba. A cikin nau'o'in sankara, ta mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba wajen kashe matan Najeriya, kuma su suka fi cancantar a je gwaji.

Inda sankarar fata ke ɓuya a jikin baƙin mutum

Ƙarancin melanoma a tsakanin baƙaƙen fata ya zo da nasa sharrin, domin ba a neman ta, kuma ba a inda littattafan Turai ke nunawa take fitowa ba. Ta fi fitowa a tafin ƙafa, da diddige, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wuraren da launin fata ya yi ƙaranci kuma rana ba ta cika taɓawa ba. Ita ce ta yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, bayan ta fara a ƙarƙashin farcen babban ɗan yatsan ƙafarsa, aka ɗauka rauni ne na ƙwallo. Rahotannin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya sun daɗe suna nuna wannan salo: ƙafa ce kan gaba, kuma majiyyata na zuwa ne bayan ƙari ya girma ya fashe.

Ga manomiya ko mai tallan da ke yini a ƙafa, baƙin tabo a diddige ba abin kallo ba ne. Za a ce ƙaya ce ta karye a ciki, ko faso ne, ko kaushi. Lalle kuma, wanda ke ƙawata ƙafa da farce, yana rufe ainihin wuraren da ya kamata a duba. Ba laifin lallen ba ne, amma kwanakin da ya kwashe kafin a sake ƙunshi su ne damar da mace ke da ita ta ɗaga ƙafarta ta dubi tafin da kyau, ko ta sa 'yarta ko mai ƙunshin ta duba mata. Abin nema shi ne baƙin tabo sabo, ko tsoho da ya fara faɗi, mai gefe marar daidaito ko launi fiye da ɗaya, ko baƙin layi a farce ɗaya wanda ke ƙara faɗi yana malalowa kan fatar gefen farcen, ko ciwon da ya ƙi warkewa yana zubar da jini.

Wani nau'in sankarar fata da ya fi melanoma yawa a arewa shi ne wanda ke tasowa daga tsohon gyambo ko tabon ƙuna. Gyambon da ya shekara yana warkewa yana dawowa, bakinsa ya yi tudu yana wari, ya wuce wanki da ɗauri. Zabaya kuwa su ne suka fi kowa shiga haɗari, saboda fatarsu ba ta da launin da ke tare zafin rana. Tun 1993 likitocin Zariya suka wallafa yadda sankara ke cin fuska da wuyan zabaya tun suna matasa. Ga zabiyar da ke fama da ciwon mara, malfa da doguwar riga da man kariya daga rana sun fi duk wani lissafin Faransa muhimmanci.

Sai bilicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ambaton cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa ga lafiyar ƙasa. Waɗannan mayuka na danne launin da ke kare fata daga rana, wasunsu kuma na sa ta yi siriri. Likitocin fata a Dakar ta ƙasar Senigal sun ba da rahoton sankara a wuya da kafaɗar matan da suka shekara suna shafa su. Wadda ke neman abin da za ta bari domin kare fatarta, ga shi nan a kan madubinta.

Daga Sakajiki zuwa Sakkwato

Dukkan wannan bayani na cin karo da tambaya ɗaya a arewacin Zamfara: ina za a je? Sakajiki na kan hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, hanyar da ta daɗe cikin barazanar 'yan bindiga. A watan Oktoba na 2021 an kai wa garin hari aka kashe mutum 12, a daidai lokacin da aka katse layukan waya a jihar aka kuma rufe kasuwannin mako. A irin wannan yanayi, ciwon da ba ya kisa nan take shi ne na ƙarshe da iyali za su kashe wa kuɗin mota. Akwai manyan asibitoci a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, kuma ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta shafe shekaru tana aiki a Shinkafi da Zurmi, amma ƙarfin aikin ya fi karkata ga yara masu tamowa da zazzaɓi da masu haihuwa da sauran lalurorin gaggawa, kamar yadda halin da ake ciki ya tilasta.

Ƙwararrun likitocin mata sun fi samuwa a Gusau, kimanin kilomita 60 daga Ƙauran Namoda, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan kuwa sankara ce da ke buƙatar gashi, sai a nausa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sama da kilomita 200 daga Gusau, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kowane mataki na nufin kuɗin mota da na masauki da na mai jinya, da izinin miji.

Akwai sauƙi ɗaya da ya samu. Da can ba a tabbatar da endometiriyosis sai an huda ciki an zura na'urar leƙe. A 2022 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta sabunta ƙa'idojinta, ta amince likita ya dogara da bayanin majiyyaciya da hoton ciki ya fara magani ba tare da jiran tiyata ba. Wannan ya fi amfanar wurare irin su Zurmi fiye da Paris. Hoton ciki na iya nuna ƙullutun tsohon jini a kan ma'ajiyar ƙwai, amma hoto mai kyau ba ya kore cutar, don haka kada a sallami mace da cewa lafiyarta ƙalau saboda sikanin bai nuna komai ba. Bayaninta shi ne babbar shaida, kuma a nan matan Musulmi na da wata riba: saboda sallah da azumi, kusan kowace ta san ranar da al'adarta ke zuwa da ranar da take tsarki. Idan aka rubuta waɗannan ranaku na wata uku, tare da kwanakin da ciwo ya hana aiki da maganin da aka sha, an ba likita rabin abin da yake buƙata.

Maganin da ake farawa da shi bai fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba: magungunan rage zafi da kumburi irin su ibufurofen, waɗanda mai gyambon ciki zai yi hattara da su, da ƙwayoyi ko allura ko robar tsarin iyali masu danne al'ada. Tiramadol da ake saya a ɓoye ba ya taɓa cutar, sai dai ya ƙara wata. Wadda ke neman haihuwa za ta gaya wa likita tun farko, domin tsarin maganinta daban ne. Ma'aikacin da ke cikin tsarin inshorar lafiya ta ƙasa ko ta jiha, wato ZAMCHEMA, ya dace ya tambayi abin da katinsa ya ƙunsa na ganin likitan mata da hoton ciki ga matarsa da 'ya'yansa mata.

Ta fuskar fata, babban abin da ke kashe mutane shi ne tsohon camfin nan cewa daji ba ya son ƙarfe, wanda ke sa a guji allura da wuƙar likita har ciwo ya ci ƙarfin jiki. Melanoma da aka cire tun tana siririya a saman fata ana warkewa daga gare ta kusan gaba ɗaya, da ƙaramar tiyata. Idan ta nutse ta kai ƙululun cinya ko huhu, magana ta sauya. Abin da bai dace ba shi ne a bar wanzami ko mai kemis ya yanke tabon ko ya ƙona shi, domin naman da aka cire shi ne kaɗai zai faɗi ko sankara ce da kuma zurfin da ta kai. Duk wanda aka cire wa irin wannan tabo a asibiti yana da haƙƙin ya tambaya ko an aika naman ɗakin gwaji, a wane gari, kuma wace rana zai dawo karɓar sakamako.